FURFURA KO FUNFUNA? YADDA A KE GANE FARIN DA KE FITOWA A JIKIN TSOHON SIGARIN GANYE

Duk wanda ya taɓa ajiye kaya suka ratsa damina ya san funfuna. Ya gan ta a jikin takalmin fata, da sirdi, da burodin da ya kwana uku, da gyaɗar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba. Ba mai gardama a kan cewa ɓarna ce. Amma akwai wata haja guda wadda masu cinikinta suka daɗe suna jayayya game da farin da ke fitowa a jikinta, watau sigarin ganye da ya daɗe a ajiye. Waɗansu sun ce wannan fari alamar kyau ce, har su kan ƙara wa kaya kuɗi saboda shi. Waɗansu kuwa sun ce funfuna ce kurum aka sake wa suna.

An shirya wannan ɗan littafi domin masu kantuna, da ma'ajiyan kaya na otal-otal, da ma'aikatan duba kaya, da duk wanda irin wannan taba ta shigo hannunsa, don su san yadda a ke rarrabewa, kada a cuce su, su ma kada su cuci wani.

MENE NE SIGARIN GANYE?

Sigarin da aka saba gani a kasuwa yankakkiyar taba ce a cikin takarda. Sigarin ganye kuwa, wanda Turawa ke kira siga, taba ce zalla tun daga ciki har waje. Kashi uku gare shi. Akwai ganyen ciki, shi ne mafi yawa, shi ke ba da ƙarfi da ɗanɗano. Akwai maɗauri, ganye mai ƙwari wanda ke riƙe na cikin. Sa'an nan akwai riga, watau lallausan ganye marar tabo wanda a ke naɗe shi da shi daga waje. Gefen da a ke sa wa a baki a rufe ya ke, shi ne kai. Gefen da a ke kunna wa wuta a buɗe ya ke, shi ne gindi. Mai karatu ya riƙe waɗannan sunaye, gama za mu koma kansu.

Asalin wannan sana'a daga nahiyar Amurka ne da tsibiranta. A 1492 mutanen Kolumbus suka tarar da mazauna tsibirin Kyuba suna naɗe busasshen ganye suna shan hayaƙinsa. Har yau Kyuba ce ta fi suna, musamman tabar lardin Pinar del Rio. Bayan juyin mulkin 1959, da takunkumin ciniki da Amurka ta sa mata a 1962, masu sana'ar da yawa suka ƙaura, aikin ya bunƙasa a Jamhuriyar Dominikan da Honduras da Nikaragua. Afirka ma tana da hannu a ciki, domin a gabashin Kamaru da yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a kan noma wani ganyen riga wanda ya yi suna ƙwarai.

DALILIN DA YA SA A KE AJIYE SHI

Idan an tsinke ganye a gona, a kan rataye shi a rumfa kamar kwana 50, har ya juye daga kore zuwa ruwan ƙasa. Daga nan sai a tsiba shi tuli-tuli ya yi zafi da kansa ya nuna, kamar yadda a ke rufe kalwa ta zama daddawa. A wannan lokaci ne ɗaci da wari mai hawa kai su ke raguwa. Sa'an nan a ɗaure shi dami-dami a ajiye, wani wata shida, wani shekara biyu ko fiye, kafin ya isa hannun masu naɗi. Bayan an naɗa kuma, akwai masu saye da kan ajiye shi shekara biyar ko goma, suna cewa yana ƙara laushi a baki. Saboda haka tsohon sigari ya kan fi sabo tsada.

To, amma ajiyar tana da sharaɗi. Sigarin ganye ba ya son bushewa, ba ya kuma son jiƙa. In ya bushe, riga ta tsage, ya ci wuta da sauri. In ya sha laima, ya kumbura, hayaƙi ya ƙi fita. A kan auna laimar iska kashi-kashi cikin 100, kashi 100 kuwa ita ce iskar da ta ƙoshi da ruwa, irin ta asubar da raɓa ke sauka. Kamfanin Habanos, mai sayar da sigarin Kyuba a ƙasashen waje, ya ba da shawara a ajiye shi a laima kashi 65 zuwa 70, da sanyi digiri 16 zuwa 18 na ma'aunin Salsiyas. Don haka a kan sa shi cikin akwati na musamman, mai soso ko ƙunshin da ke sakin laima kaɗan kaɗan. Cikin akwatin a kan shimfiɗa katakon wani itace mai ƙanshi na ƙasashen Amurka masu zafi, ɗan'uwan maɗaci da dogon yaro.

Ga inda wahalar ta ke. Laimar da sigari ke so tana bakin iyakar wadda funfuna ke so. Kuskure kaɗan, sai a ƙetare.

ABIN DA MASU CINIKI KE YABO

Farin da masu ciniki ke yabo suna biyu gare shi da Turanci, ɗaya ma'anarsa gashin tsuntsu, ɗaya kuma fure. A nan za mu kira shi furfura, tun da ya ke alamar tsufa suka ɗauke shi. Abin da su ke faɗi shi ne, wai man da ke cikin ganye ya kan taso a hankali cikin shekaru, ya fito bisa riga, ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar garin gishiri.

Ba abin mamaki ba ne busasshen abu ya fitar da farin da ba funfuna ba. Tsohon dabino ya kan fitar da sukarinsa. Ƙasa mai kanwa ta kan yi fari da rani in ruwa ya janye. Busasshen ganyen taba ma wani lokaci gishirin da ke cikinsa ya kan fito a bisa babbar jijiya. Irin wannan fari ba shi da rai, ba ya girma, ba ya kuma kama abin da ke kusa da shi.

Sai dai abin tambaya shi ne, sau nawa ne farin da a ke gani a jikin sigari ya ke zama irin wannan? A 2017 waɗansu masu cinikin sigari a Ostareliya suka tara sigarin da ke da fari iri-iri, har da wanda a ke ɗauka furfura ce, suka aika ɗakin bincike. Da aka duba da madubin likita, abin da aka samu a kansu funfuna ce. Wannan gwaji ƙarami ne, bai isa a ce furfura ba ta samuwa sam ba. Amma ya isa ya nuna cewa ido kaɗai ba abin dogara ba ne, ko da idon gwani ne. Kama da wane ba ta wane.

MECE CE FUNFUNA?

Funfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo cikin iska, suna kuma manne da ganyen taba tun daga gona. Ba yadda za a yi a raba taba da su. Su kan zauna shiru shekara da shekaru, sai ran da suka sami laima da ɗumi da iskar da ba ta motsi, sa'an nan su tsiro. Da fari su kan fitar da zare-zare masu siriri waɗanda ke ratsa ganye suna cinsa. Daga baya su tayar da kawuna masu ɗauke da sabon iri. Abin da ido ke gani a waje ƙarshen aikin ne, farkonsa ya riga ya wuce.

Yawancin funfuna sai laima ta kai kashi 80 su ke tsirowa. Amma akwai waɗansu masu jure fari, irin waɗanda ke kama busasshen kifi da hatsin rumbu, waɗanda kan tsiro a hankali ko da laima ba ta wuce kashi 70 da kaɗan ba. Da yawa cikinsu farare ne sa'ad da su ke ƙanana, kuma kamar gari su ke. Su ne a ke yawan ɗauka furfura.

Manyan dangogi biyu da aka fi samu a jikin ajiyayyar taba su ne Fenisiliyum, wanda daga wani ɗan'uwansa aka samo maganin fenisilin, da Asfajilus. Manoman gyaɗa sun san ɓarnar wannan na biyu, gama wani irinsa ne ke haifar da dafin da a ke kira afalatoksin. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa mai wannan dafi da aka kawo daga Barazil. Ba kowane Asfajilus ke da dafi ba, amma ba mai iya rarrabe su da ido. Bayan haka, irinsa in ya shiga huhun mai asma, ko wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko wanda ciwo ya raunana jikinsa, yana iya jawo cuta mai wuyar magani.

HANYOYI TAKWAS NA GWAJI

A fitar da sigarin zuwa wuri mai haske, a bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

1. Madubi. Wannan shi ne babban gwaji. A sami madubi mai ƙara girman abu sau 10 ko fiye, irin na masu gyaran agogo. In an ga zare-zare kamar saƙar gizo, ko gashi mai ɗan ƙulli a kai, funfuna ce. In an ga ƙwayoyi masu kusurwa, kowace dabam, suna ƙyalli in an juya su ga haske, to, mai yiwuwa furfura ce.

2. Yadda ya kwanta. Funfuna daga wuri guda ta ke farawa ta yaɗu, saboda haka ta kan yi tabo-tabo, kewayayyu, masu ɗan tudu kamar auduga. Abin da ya fito daga cikin ganye ya kamata ya bazu ko'ina bai ɗaya, marar kauri, kamar ƙurar hunturu a bisa tebur.

3. Launi. Kore, ko shuɗi, ko toka-toka, ko rawaya, ko baƙi, duk funfuna ce, ba sai an ƙara bincike ba. Amma fari ba ya wanke kaya daga zargi.

4. Gindi. A duba buɗaɗɗen gefen da kyau. In akwai fari ko gashi a tsakanin ganyen ciki, funfuna ta riga ta shige.

5. Akwati. A duba katako, da takardar da ke ciki, da zoben takarda na jikin sigari, da soson laima. Abin da ya taso daga cikin ganye ba shi da dalilin fitowa a jikin katako. In fari ya hau waɗannan, abu ne mai rai.

6. Wari. Lafiyayyen sigari ƙanshin taba da katako ya ke yi. In an ji warin ɗakin da aka rufe damina guda, ko na tsumman da ya kwana a jiƙe, funfuna ce.

7. Shafa. A shafa da busasshen ƙyalle mai laushi. In ya bar tabo, ko riga ta dushe a wurin, funfuna ce. Amma a lura, ƙaramar funfuna ma ta kan goge sarai. Masu ciniki da yawa a nan su ke ruɗuwa, su ce tun da ya goge ai furfura ce.

8. Lokaci. A tambayi shekarun kayan. Farin da ya fito a jikin sigarin da bai shekara ba, ko ya bayyana cikin 'yan kwanaki bayan an ƙara ruwa a soso, ba na tsufa ba ne. In har yanzu ana shakka, a ware guda ɗaya cikin kwalba mai murfi, a duba bayan mako guda. In tabon ya faɗaɗa, ko wanda aka goge ya komo, magana ta ƙare.

Hukuncin kuwa shi ne, in gwaji ɗaya tak ya nuna funfuna, a ɗauka funfuna ce. Sai wanda ya tsallake duka takwas ne za a ce da shi furfura.

WAƊANSU ALAMU DA BA FUNFUNA BA

Kada kuma tsoro ya sa a zubar da kaya masu kyau. A kan ga ɗigo-ɗigon kore a jikin riga, waɗanda ba su da tudu, ba su kuma gogewa. Wannan koren ganye ne da bai gama juyewa ba tun a rumfa, ba ya girma. Rigar Kamaru kuwa halinta ne ta yi ƙananan ƙuraje masu kaushi, haka ganyen ya ke. Ledar da a ke sa sigari a ciki ta kan yi rawaya in ta daɗe, wannan ma ba aibi ba ne.

Amma in an ga huji kamar na allura a jikin riga, da gari mai ruwan ƙasa a ƙasan akwati, wannan ƙwaron taba ne. Tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne kawai, tsutsarsa ke cin ganye daga ciki. Yana son zafi, ba ya kuwa iya hayayyafa sosai in sanyi ya kai digiri 16 zuwa 18. A zubar da masu hujin. Sauran a ƙulle su cikin leda, a sa a injin ƙanƙara kwana 3 ko 4, sa'an nan a mai da su firji kwana guda kafin a fitar, don kada riga ta tsage.

ABIN YI IN AN SAMI FUNFUNA

Da farko a kwashe kayan duka daga akwati, a waje inda iska ke kaɗawa, a rufe hanci da ƙyalle. Mai ciwon ƙirji kada ya yi wannan aiki. Kada a hura da baki, gama iri ne a ke watsawa.

A raba kashi uku. Wanda funfuna ta shiga gindinsa, ko mai launi, ko mai wari, a zubar, kome tsadarsa. Wanda fari kaɗan ne a bisa riga kawai, masu sana'ar su kan goge shi su ware shi dabam a wuri mai ƙarancin laima, su riƙa dubawa har wata guda. Irin wannan ba daidai ba ne a sayar da shi da sunan lafiyayye, balle a ƙara masa kuɗi da sunan furfura. Wanda bai nuna kome ba, shi ma a ware shi, a sa masa ido.

Akwatin kuma a share shi, a shafe cikinsa sama-sama da sifirit irin na asibiti, a bar shi a buɗe a inuwa kwana biyu ko uku. A jefar da tsohon soso a sa sabo.

RIGAKAFI A ƘASARMU

Yanayin ƙasarmu ba ya taimakon mai wannan ajiya. Da hunturu laima ta kan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuwa ta kan wuce kashi 80, zafin bazara kuma ya kan kai digiri 40. Kuskuren da aka fi yi shi ne, mutum ya saba cika soso da ruwa tun da rani, damina ta shigo bai rage ba. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

A sa ma'aunin laima a cikin akwati, a tsai da shi tsakanin kashi 65 da 68. Gara ya yi ƙasa kaɗan da ya wuce 70.

A gwada ma'aunin kansa, gama da yawa ba su faɗin gaskiya. A cika murfin kwalba da gishirin miya, a ɗiga ruwa har ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi, kada ya narke. A rufe shi tare da ma'aunin cikin kwalba kwana guda. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, an san ke nan yana rage 5, sai a riƙa ƙarawa.

A yi amfani da tataccen ruwa na tururi, wanda a ke samu a kantin magani. Kada soso ya taɓa sigari.

A ajiye akwati a ɗaki mafi sanyi, nesa da rana, bisa katako, ba a ƙasa ko jikin bango ba. Kada a cusa kaya har iska ta rasa hanya.

Daga Yuli zuwa Satumba a buɗe a duba kowane mako. Sababbin kaya kuma a ware su mako biyu kafin a haɗa da tsofaffi.

Masu ajiye ganyen taba na gida su ma wannan ƙa'ida ta shafe su. Damin da aka ɗaure jijiyar ganye ba ta bushe har tana karyewa ba, daga tsakiya ya ke fara funfuna.

GARGAƊI

Kada wani ya karanta wannan ya zaci sigarin da ba shi da funfuna ba shi da lahani. Babban sigarin ganye guda yana iya ƙunsar taba kamar ta kwalin sigari ɗaya. Yana jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro da huhu, da ciwon zuciya, kuma wanda ba ya zuƙar hayaƙin har ƙirji bai tsira daga na baki da maƙogwaro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. A Nijeriya dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Tsufan ajiya ba ya rage ko ɗaya daga cikin wannan.

Mai saye kuwa, in an nuna maka akwati mai fari aka ce alamar kyau ce, ka nemi madubi, ka duba gindi, ka shinshina katako. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. In aka hana ka dubawa, ka riƙe kuɗinka.